A Auna Yaro Da Mudun Gaskiya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ya san yadda magidanci ya ke ciniki. Ba ya yarda da bakin dillali. Sai ya sa an kwance masa buhu, ya cusa hannu can ciki, ya damƙo na ƙasa, ya murza, ya hura, ya duba ko da tsakuwa ko ƙwaro. In an zo awo kuwa, idonsa na kan tiya, kada a auna masa da mai lotsattsen gindi. In ya ga an tauye masa mudu, ko da na 'yan ƙwayoyi ne, lalle kasuwa za ta ji muryarsa. Ba wanda zai ce da shi marowaci, gama guminsa ya ke tsaro.

To, abin mamaki, wannan magidanci shi ne wanda ranar da ɗansa ya kai aji shida na sakandare zai kai buhun masara ko tunkiya kasuwa, ya miƙa wa yaro kuɗin fom na neman jami'a, bai tambayi kome ba. Bai san abin da yaron ya rubuta zai karanta ba, ko kuwa shi ne ya tilasta masa abin da zai rubuta. Bai san mutum nawa ke neman wurin ba, bai san mutum nawa za a ɗauka ba. Sunaye su fito, babu yaro. Baɗi a sake sayar da wani buhu. Kuɗin da ya tafi mai sauƙi ne, gama damina za ta mayar da shi. Abin da ba ya dawowa shi ne shekarun yaron, wanda ya ke zaune a gindin bishiya yana kallon sa'o'insa suna wucewa, har zuciyarsa ta mutu.

In aka tambayi irin wannan uba, sai ya ce shi da girmansa ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ina shi ina sha'anin jami'a, wannan ai sai 'yan boko. Wannan magana kuskure ce, kuma ita ce ƙofar da macuta su ke shigowa ta ciki. Mutumin da ya iya karanta rasit, ya iya lissafin kuɗin taki da na ƙwadago, ya isa ya auna ko ɗansa na da halin samun gurbi. Lissafin duka bai wuce tarawa da ɗebewa ba. Abin da ya ke bukata shi ne ya san mudun gaskiya, ya kuma gane na ƙarya in an miƙo masa.

Yadda kasuwar ta cika

A shekarar 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a Ibadan, a 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A wancan zamani 'yan Arewa masu takardar da ta isa shiga jami'a kaɗan ne ƙwarai, gurbi ne ke jiran yaro. Dattawa da yawa har yanzu da mudun wannan zamani su ke awo, suna tsammani duk wanda ya gama sakandare jami'a ta zama tasa. Wannan zamani ya wuce. A 1978 Gwamnati ta kafa hukumar JAMB domin ta riƙa shirya jarrabawa ɗaya ga masu neman jami'a. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin fasaha da na horon malamai ta zama guda, daga 2015 kuma kowa da kwamfuta ya ke rubuta ta.

Darussa huɗu a ke tambaya, Turanci tilas ne a cikinsu, maki kuwa duka 400 ne. A 2024 an fitar da sakamakon ɗalibai fiye da 1,800,000. Wajen kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 ba, watau ba su ci ko rabi ba, waɗanda su ka kai 300 kuwa 8,401 ne kaɗai a ƙasa duka. A 2025 masu jarrabawar sun haura 1,900,000, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da 1,500,000 ba su kai 200 ba. Mai karatu ya tsaya ya dubi waɗannan lambobi da kyau. Cikin wannan taro ɗansa ya ke tsaye.

Ba a ce mudun hukuma ba ya yoyo ba. A wannan shekara ta 2025 na'urori sun sami tangarɗa a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, abin ya shafi ɗalibai 379,997, har shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Amma mudun da in ya yi kuskure a ke gani, a yi ƙara, a gyara, ya fi mudun da a ke awo da shi cikin duhu. Masu awo cikin duhun nan kuwa iri huɗu ne.

Mudun ƙarya na farko: "Ai ya ci"

Kowace shekara hukuma da shugabannin makarantu su kan zauna su yanke mafi ƙarancin makin da za a karɓa. A 2024 an yanke 140 ga jami'o'i, a 2025 aka yanke 150. Da an faɗa a rediyo sai gida ya ɗauki guɗa, a ce yaro ya sami 185, ya ci har da rara. Nan ne kuskure ya ke farawa. Wannan maki dokin ƙofa ne kawai. Ma'anarsa ita ce ba jami'ar da aka yarda ta ɗauki wanda bai kai shi ba. Ba a ce duk wanda ya kai shi za a ɗauka ba. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe na cikinta kuma yana da nasa, wanda yawan masu nema da yawan kujeru ke yankewa.

Misalin abin kamar tasha ne ranar jajibirin salla. Samun kuɗin mota daban, samun wurin zama daban. Motar likitanci, da ta lauya, da ta haɗa magunguna, da ta aikin jinya, kujerunsu ƙidayayyu ne, gama majalisar likitoci da majalisar ilmin lauyoyi da 'yan'uwansu su ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Ko shugaban jami'a ba shi da ikon ƙara benci. Saboda haka yaron da ya riƙe 185 ya tsaya a layin likitanci, akwai dubbai a gabansa, kuma mota za ta cika ba a zo kansa ba. Wanda ya ce masa ya ci, bai yi masa ƙarya da baki ba, amma ya ɓatar da shi.

Mudun ƙarya na biyu: girman kan uba

Akwai uban da ba ɗansa ya ke aunawa ba, maƙwabcinsa ya ke aunawa. Tun da ɗan wane ya zama likita, nasa ma sai likita, ko da yaron jini ya gani sai jiri ya ɗebe shi, ko da bai taɓa cin rabin maki a Kemistiri ba. Yaro ya ce, "Baba, ni fa Tarihi na fi ganewa." Uba ya ce, "Rufe mini baki, a gidan nan likita za a yi." Da ya ke ɗa mai ladabi ne, sai ya sunkuyar da kai ya cika fom yadda aka ce. Sakamakon jarrabawar nan kuwa shekara ɗaya ya ke aiki, ba a ajiye shi a rumbu. Haka za a yi bana, a yi baɗi, a yi baɗin baɗaɗa. Abokinsa da ya karɓi abin da ƙarfinsa ya kai ya kusa sa rigar kammalawa, shi kuwa yana nan yana bin layin cibiyar rajista. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan wani ya yi kwaɗayin, wani ya ke shan wahalar.

Abin kunya kuma, yayin da a ke turmutsutsu a ƙofar darussa huɗu ko biyar, sau da yawa guraben aikin gona da na koyarwa ba sa cika. Ƙasar manoma ce ke ƙyamar ilmin noma. Uban da ke kukan babu malamin Lissafi a makarantar garinsu, shi ne ke cewa ɗansa ya fi ƙarfin zama malami. To, ɗan wa zai zama? Daga sama malamin zai faɗo?

Mudun ƙarya na uku: mai hanya

Da sakamako ya fito sai wasu mutane su fito kamar shaho ya ga 'yan tsaki. Wannan ya ce yana da ƙani a ofishin ɗaukar ɗalibai. Wancan ya bugo waya ya ce zai iya ɗaga maki daga 160 zuwa 260 in an tura masa kaza. Uba ya ci bashi ya tura. Daga ranar lamba ta daina shiga.

Ya kamata kowane uba ya san wannan: tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani tsari a kwamfuta mai suna CAPS, wanda duk sunan da jami'a ko kwaleji za ta ɗauka sai ya bi ta cikinsa. Ɗalibi da kansa zai iya dubawa ya ga ko an ba shi gurbi, shi ne kuma zai danna ya karɓa. Takardar shiga da aka miƙo a bayan fage, wadda ba ta bi ta nan ba, hukuma ba ta san da ita ba. Yaro na iya shekara huɗu yana karatu, ranar da aka zo tura mutane bautar ƙasa a duba a ce ba sunansa. Ba wanda zai rantse cewa son kai ya ƙare a duniya. Amma kuɗin talaka ba ya sayen alfarma, aljihun ɗan damfara ya ke cikawa.

Ɗan'uwan mai hanya shi ne mai makarantar da a ke zuwa a biya a rubuta wa yara amsa a allo. Yaro ya fito da takarda fes, kiredit tara, alhali bai iya rubuta wasiƙa ba. Uba ya ɗauki takardar nan ya yi awo da ita, ya manta shi ya biya aka lotsa mudun. Ranar da yaron ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai, ba mai raɗa masa, sai gaskiya ta yi halinta. In ma ya tsallake, shekarar farko a jami'a za ta tankaɗe shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mudun ƙarya na huɗu: "Ai akwai kason jiha"

Ƙa'idar da aka shimfiɗa wa jami'o'in Gwamnatin Tarayya ita ce a raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, watau waɗanda su ka fi maki, ko daga ina su ka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta an bar su a baya wajen ilmin boko. An yi wannan da kyakkyawar niyya, domin kada wani sashe na ƙasa ya wayi gari ba shi da likita ko injiniya nasa. Amma wasu sun mai da shi tabarmar barci, suna cewa yaro ba sai ya wahala ba, sunan jiharsa zai shigar da shi.

A yi lissafi. Jihohin da ke cikin wannan jeri sun haura ashirin, har da wasu na Kudu. In sashe yana da kujera 100, ashirin ne rabon jihohin nan duka. In an raba daidai, kowace jiha ba ta cika samun kujera ɗaya ba. Wannan kujera kuwa ba wanda za a ba sai wanda ya fi maki cikin 'yan jiharsa. Ashe ko a nan ma tsere ne. Sa'an nan in yaro ya shiga, malamin da ke duba takardarsa ba ya tambayar jiharsa, kuma majinyaci ba zai tambaya ba.

Amfanin sanin wannan rabo ɗaya ne. Yaron da ya zaɓi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta yana da ƙofa fiye da ɗaya. Wanda ya tsallake ya zaɓi ta nesa domin sunanta kawai, ya yar da kashi 35 da hannunsa. Wannan abu ne da a ke tambaya kafin a cika fom.

Mudun gaskiya

To, in an zubar da waɗannan, da me za a auna? Da abubuwa shida, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin mai karatun yaƙi da jahilci.

Na farko, takardar gama sakandare, ko ta WAEC, ko ta NECO, ko makamantansu. Kiredit biyar a ke bukata. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba sa shiga lissafi, F9 kuwa faɗuwa ce. Turanci tilas ne, Lissafi ma tilas ne ga mai neman kimiyya ko injiniya ko likitanci. Ba a yarda a haɗa fiye da zama biyu ba, jami'o'i da yawa kuma ba sa karɓar mai neman likitanci sai ya ci duka a zama ɗaya. Kiredit ɗin kuma sai sun zama na darussan da su ka dace. Yaron da ya ci Hausa da Addini da Tarihi da kyau ya yi abin yabo, amma ba su za su kai shi ɗakin tiyata ba. Wannan ya nuna awo ba ranar sayen fom ya ke farawa ba. Yana farawa tun ranar da yaro ya shiga aji huɗu aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi da 'yan kasuwanci. Uban da bai leƙa makaranta a wannan rana ba ya makara da shekara uku.

Na biyu, darussa huɗun da za a rubuta a fom. Mai neman likitanci Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji ya ke rubutawa. Mai neman injiniya kuwa Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Hukuma tana da kundi da ya jera abin da kowane fanni ke bukata a kowace makaranta. Kowace shekara akwai yaran da ke cin maki mai yawa su rasa gurbi, domin wani yaro mai buga kwamfuta a shago ya zaɓa musu darasin da bai dace ba, su kuwa ba su duba ba. A sa yaro ya karanta wa uba abin da kundin ya ce, da abin da aka buga a fom, a ga ko sun yi daidai.

Na uku, makin yaro a gefen makin da sashen ya tsaya a kai bara. Wannan shi ne zuciyar awo. Ba makin rediyo za a tambaya ba, makin wanda aka ɗauka na ƙarshe a wannan sashe na wannan jami'a. Ɗaliban da ke ciki sun sani, malaman sakandare na kirki sun sani, wasu jami'o'i ma su kan buga. Sa'an nan a tuna tun 2005 jami'o'i su ka fara yin tasu tantancewa bayan ta JAMB. Wasu jarrabawa su ke yi, wasu takardu kawai su ke dubawa su ba da maki. Wasu su kan raba makin JAMB da takwas, su raba na tantancewa da biyu, su tara. Bisa wannan lissafi, mai 280 wanda ya sami 40 a tantancewa yana da 35 da 20, watau 55. Mai 240 wanda ya sami 60 yana da 30 da 30, watau 60. Ga shi na baya ya wuce na gaba. Saboda haka mai maki da yawa kada ya miƙe ƙafa, mai matsakaici kuma kada ya yanke ƙauna.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da ke kayar da babban kaya. A 2025 Gwamnati ta tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma in sunan da ke can ya saɓa da na takardar makaranta, ko da harafi ɗaya ne, wahala ce. Sakamakon sakandare sai an ɗora shi a kwamfutar hukuma, in ba haka ba jami'a ba za ta ga yaron ba. Manyan jami'o'i kuma ba su cika waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Ga kuma ita kanta kwamfutar. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron ƙauye mai kai, wanda bai taɓa taɓa na'urar ba sai ranar jarrabawa, zai zubar da maki ba domin rashin sani ba. Kuɗin da za a ba mai hanya, da an biya masa ya yi sati biyu yana koyon dannawa, da ya fi.

Na biyar, aljihu. Likitanci shekara shida ne, injiniya da lauya da aikin gona biyar, yawancin saura huɗu, ban da abin da yajin aiki kan ƙara. Akwai kuɗin rajista, da ɗaki, da abinci, da mota. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun ba ɗalibai rance, jihohi kuma su kan ba da tallafi, ya kamata a bincika. Amma uba ya faɗa wa ɗansa gaskiyar abin da rumbu zai iya ɗauka tun ba a hau hanya ba.

Na shida, shaidar malami da zuciyar yaron. Uba ya sa rigarsa ya tafi makaranta, ya sami malamin da ya shekara uku yana duba littattafan ɗansa, ya ce, "Malam, don Allah kada ka ji nauyina. Yaron nan, ina ƙarfinsa ya ke?" Malamin da ya amsa da "Ai ba kome, Alhaji, zai ci" alhali ya san ba haka ba ne, ya ci amana. Sa'an nan uba ya zaunar da yaron, ya tambaye shi, ya kuma yi shiru ya saurara.

Abin da masu musu za su ce

Wani zai ce duk wannan lissafi banza ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in Allah ya rubuta yaro zai shiga, zai shiga. Gaskiya ne rabo na Allah ne. Amma mai wannan magana ba ya shuka gero cikin hunturu ya ce in da rabo zai tsiro. Yana jiran ruwa, ya tona ƙasa ya ga ko ta jiƙu, ya zaɓi iri, sa'an nan ya dogara ga Allah. Me ya sa sai a kan ɗansa ne dogaro ya zama rufe ido?

Wani kuma zai ce faɗa wa yaro gaskiya karya masa zuciya ne. Abin da ke karya zuciya shi ne shekara ta huɗu a gida. Awo ba hukunci ba ne. Buhun da aka auna aka ga bai cika ba, ai cika shi a ke yi. In tazarar kaɗan ce, kuma an san inda ramin ya ke, yaro ya sake zama, amma da shiri sabo, ba da littafin da ya yi ƙura ba. In tazarar mai yawa ce, hukuma ta ba da damar a canza fanni ko makaranta bayan sakamako ya fito. Wanda ya yi haka da wuri ya tsira da shekararsa.

Kuma kada a ɗauka mudun gaskiya ƙasa kawai ya ke ja. Yana ɗagawa. Akwai ɗan talakan da ya sami 290 aka ce masa likitanci na 'ya'yan manya ne, ya nemi wani abu. Akwai yarinyar da ta fi duk 'yan ajinta, aka ce karatun mace ya isa haka, alhali mahaifinta shi ne ke ɓacin rai in ya kai iyalinsa asibiti bai sami likita mace ba. Wanda ya rage wa irin waɗannan yara daraja, shi ma tauye mudu ya yi, kuma nasa laifin ya fi, gama al'umma duka ya cuta.

Ƙofa ba ɗaya ba ce

Gida mai ƙofa ɗaya ba shi ne ilmi ba. A 2025 makin shiga kwalejojin fasaha da na horon malamai 100 ne, na kwalejojin aikin jinya 140. Difloma ta ƙasa shekara biyu ce, takardar malanta ta NCE uku. Wanda ya ci su da kyau yana iya neman jami'a kai tsaye, a sa shi a aji biyu. Haka kuma akwai jarrabawar IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, da makarantun share fage irin ta Funtuwa. Yaron da ya bi ta nan ya kan iske abokinsa mai jiran mota ɗaya bai motsa ba. Kuma wanda ya fito da sana'a a hannunsa, ko ya tsaya a difloma, ba abin tausayi ba ne.

Hukumomi ma da nasu alhaki. Ba adalci ba ne a sa yaron da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ya yi tsere da wanda ya girma cikinsa, sa'an nan a zarge shi da lalaci. Kowace sakandare tana bukatar malami mai ba da shawara, wanda ya san kundin hukuma kamar tafin hannunsa. Kowace jami'a kuma ya kamata ta buga makin da kowane sashe ya tsaya a kai, da yawan kujerunsa, a fili inda manomi zai gani. Ɓoye waɗannan lambobi shi ke ciyar da masu hanya.

Amma kafin hukuma ta gyara nata, uba na da abin yi a daren yau. Bayan sallar lisha ya kira yaron zaure, ya ce ya zo da takardun sakamakonsa na shekara uku. A shimfiɗa su a tabarma, a kawo fitila da fensir. A rubuta abin da yaron ke so, da abin da ya ci, da abin da a ke nema, da abin da gida zai iya. Uban da ya zauna a benci da furfurarsa ya koyi baƙi da wasali, ba domin karanta allon kanti kaɗai ya sha wannan wahala ba. Ga ranar amfaninta ta zo. In an gama awo, a yi addu'a, sa'an nan a kai buhu kasuwa.

Allah ya ba yara sa'a, ya ba iyaye haƙurin jin gaskiya, amin.